Agustin na Hippo: Bawan Allah da Ya Koyi Darajar Hawaye

A gidan makoki sau da yawa akan ji ana tsawata wa mai kuka, wai mai bi na gaskiya ba ya zub da hawaye tun da yake ya san akwai tashin matattu. A gidan nan kuma akan ga 'yan'uwa suna lissafin abin da za a kashe a jana'iza, alhali ba wanda ya tambayi abin da gwauruwa da 'ya'yanta za su ci bayan baƙi sun watse. Waɗannan al'amura biyu ba yau suka fara ba. Sun dami Agustin, Bishop na Hippo, ɗan Afirka, shekaru fiye da 1,600 da suka wuce, kuma amsar da ya bayar bai same ta a cikin littattafai kaɗai ba, ya same ta ne a bakin kaburburan waɗanda yake ƙauna.

An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a garin Tagaste, wanda yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Mahaifinsa Fatirisiyus bai karɓi baftisma ba sai daf da rasuwarsa, amma mahaifiyarsa Monika mai bi ce ta ƙwarai. Yaron ya tashi da kaifin basira, aka tura shi karatu birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu. A can ya zauna da wata mace ba aure, ta haifa masa ɗa, Adiyodatus, wato kyautar Allah. A can kuma ya rabu da koyarwar uwarsa, ya shiga addinin mabiya Mani, ya yi wajen shekara 9 a cikinsa.

Rashi na fari

Bayan ya dawo gida ya fara koyarwa, sai wani amininsa na ƙuruciya, wanda shi Agustin ya ja zuwa addinin Mani, ya kwanta da zazzaɓi mai tsanani. Yana cikin suma danginsa suka sa aka yi masa baftisma. Da ya farfaɗo, Agustin ya so ya mai da abin ba'a, amma abokin ya kwaɓe shi, ya gargaɗe shi kada ya ƙara in yana so su ci gaba da abota. Kwanaki kaɗan bayan haka zazzaɓin ya dawo, ya ɗauke shi, Agustin kuwa ba ya nan.

Wannan rashi ya kusa zauta shi. Garin haihuwarsa ya zame masa kurkuku, ko'ina ya duba sai ya ga gurbin abokinsa. Ba shi da Allahn da zai kai wa kuka, gama abin da yake bautawa a lokacin bai wuce tunanin kansa ba. Daga bisani ya tattara kayansa ya gudu Kartaj. Shekaru da yawa bayan haka, da yake rubuta littafinsa na Furci, ya gane cewa laifinsa ba ƙaunar abokin ba ce. Laifin shi ne ya ɗora dukan nauyin ransa a kan mutum mai mutuwa, kamar ba zai taɓa mutuwa ba. Ya koyi cewa wanda yake ƙaunar ɗan'uwansa cikin Allah ba ya rasa shi har abada, domin Allahn da yake riƙe da su duka biyu ba a rasa shi.

Rasuwar Monika

A shekara ta 383 ya haye teku zuwa Roma, a 384 kuma ya sami aikin koyar da fasahar magana a birnin Milan. Monika ta bi shi har can. Wa'azin Bishop Ambros ya riƙa sassauta zuciyarsa, har a 386, cikin wani lambu, ya karanta Romawa 13:13-14 ya tuba. Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa a daren Ista na shekara ta 387.

Suna kan hanyar komawa Afirka suka yada zango a Ostiya, tashar jiragen ruwa ta Roma. Nan zazzaɓi ya kama Monika. Tun da daɗewa ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta a Tagaste, ɗanta Nabigiyus ma ya nuna burinsa ta cika a gida, ba a baƙuwar ƙasa ba. Ita kuwa ta hana shi wannan magana. Ta umarce su su binne ta duk inda ajali ya same ta, gama ba wurin da ya yi wa Allah nisa, kuma ba zai kasa sanin inda zai tashe ta a ranar ƙarshe ba. Abu ɗaya ta roƙa, su riƙa tunawa da ita a gaban bagaden Ubangiji. A rana ta 9 ta ciwon ta rasu, tana da shekara 56.

Agustin ya rufe mata idanu. Yaro Adiyodatus ya fashe da kuka, manya suka hana shi, domin a ganinsu kururuwa ba ta dace da mutuwar mai bi ba. Abokinsu Ebodiyus ya ɗauki littafin Zabura ya fara rera ta 101, dukan gida suna amsawa. Agustin ya danne zuciyarsa, ya zauna yana yi wa masu ta'aziyya magana mai ma'ana, har suka ɗauka bai ji zafin ba. Aka kai ta kabari, aka dawo, idonsa a bushe. Ya tafi gidan wanka ko baƙin cikin zai ragu, bai ragu ba. Sai da ya yi barci ya farka, yana kwance shi kaɗai, ya tuna wata waƙar yabo ta Ambros, ya tuna irin zaman da uwarsa ta yi da shi, sa'an nan ya saki hawayen da ya tsare, a gaban Allah.

Ko lokacin da yake rubuta wannan labari, bayan kimanin shekara 10, bai gama rabuwa da kunyar kukan ba. Ya roƙi mai karatu kada ya yi masa dariya don ya yi wa uwarsa kuka na ɗan lokaci, ita da ta yi shekaru tana yi masa kuka. Ya koma Afirka a 388, ba da daɗewa ba kuma mutuwa ta ɗauke ɗan nan nasa tilo yana saurayi, ta ɗauke amininsa Nebiridiyus.

Abin da ya koya wa garkensa

A shekara ta 391 jama'ar Hippo, garin da yau ake kira Annaba, suka matsa masa ya zama limaminsu, bayan 'yan shekaru kuma aka naɗa shi bishop. Hidimar kiwon garke ta sa shi shiga gidajen makoki ba iyaka, fahimtarsa ta Littafi Mai Tsarki kuwa ta daɗa nuna. A wa'azinsa a kan 1 Tasalonikawa 4:13 ya nuna cewa Manzo Bulus bai hana baƙin ciki ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. Ya bayyana cewa rabuwa ce take sa mai bi kuka, alkawari kuma yake share masa hawaye, dukansu biyu suna iya zama a zuciya ɗaya. Ya kan kawo Yahaya 11:35, inda Ubangiji ya yi hawaye a kabarin Li'azaru ko da yake ya san zai tashe shi nan take. A littafinsa na Birnin Allah ya ƙara da cewa duk mai son hana makoki, sai ya fara hana abota da zumunci tukuna.

Wata wasiƙarsa ta nuna yadda ya aikata wannan koyarwa. Wata baiwar Allah mai suna Safida ta saƙa wa ɗan'uwanta Timoti, dikon a Kartaj, riga da hannunta, amma ya rasu bai sa ta ba. Sai ta aika wa Agustin rigar, tana roƙo ya sa. Shi mutum ne da ba ya son karɓar tufafi na musamman, duk da haka ya karɓa ya sa, ya kuma rubuta ya sanar da ita, don kada ya ƙara mata ciwo. A wasiƙar bai tsauta mata ba. Ya lissafa abubuwan da ta rasa, shigar ɗan'uwanta da fitarsa wajen hidima, da muryarsa da ta saba ji, ya yarda cewa waɗannan suna soka zuciya. Bayan haka ne ya tuna mata cewa ƙaunar da Timoti yake mata ba ta hallaka ba, tana ɓoye tare da Almasihu.

Kabari da talaka

A zamanin, Kiristocin Afirka ta Arewa sun saba yin shagali a maƙabarta, da ci da shan giya, da sunan girmama matattu. Tun yana limami, wajen shekara ta 392, ya rubuta wa Aureliyus, Bishop na Kartaj, yana roƙo a kawar da wannan al'ada. Shawararsa ita ce kada a yi almubazzaranci wajen tunawa da mamaci, wanda kuma yake da kuɗin bayarwa ya miƙa wa matalauta nan take. A 395 ya yi ta wa'azi a Hippo a kan irin wannan biki na shaye-shaye cikin majami'a, har jama'a suka yi kuka suka bari.

A shekara ta 410 mayaƙan Got suka ci birnin Roma, gawawwakin masu bi da yawa suka rasa mai binnewa. Mutane suka firgita, suna tambaya ko waɗannan za su tashi. Agustin ya amsa daga Luka 16: mai arzikin nan ya sami jana'iza, Li'azaru matalauci kuwa mala'iku ne suka ɗauke shi. Rashin kabari ba ya rage wa mai bi kome, ƙasaitar kabari kuma ba ta ƙara wa mugu kome. Amma bai yarda a wulakanta gawa ba. Ya kawo misalin yadda 'ya'ya suke adana zoben mahaifinsu ko rigarsa, balle jikin da ya rayu a ciki. Ya tuna yadda Linjila ta yaba wa waɗanda suka sauko da jikin Yesu daga gicciye suka binne shi da daraja.

Wajen shekara ta 421 Bishop Faulinus na Nola, a Italiya, ya tambaye shi a kan wata gwauruwa da ta nemi a binne ɗanta kusa da kabarin wani tsarkaka. Amsar ta zama ɗan littafi a kan kula da matattu. A ciki ya nanata cewa shirin jana'iza, da irin kabarin, da yawan masu rakiya, ta'aziyya ce ga masu rai fiye da taimako ga mamaci. Shi kansa ya yarda da yi wa masu bi da suka rasu addu'a, kamar yadda ikkilisiyar zamaninsa take yi, batun da ɗarikun Kirista suka rabu a kansa tun ƙarni na 16. Ya kuma taɓo maganar ganin matattu a mafarki. Ya ba da labarin wani tsohon ɗalibinsa a Kartaj wanda ya gan shi a mafarki yana warware masa wani wuri mai wuya a littafi, alhali shi Agustin yana Milan, bai san kome ba. In mai rai yana iya bayyana a mafarki ba da saninsa ba, haka ma mamaci. Sa'an nan ya kawo hujjar da ta fito daga zuciyarsa: da a ce matattu suna sa hannu cikin al'amuran masu rai, da uwarsa, wadda ta bi shi ƙasa da teku, ba ta bar shi ko dare ɗaya ba.

Almajirinsa Fosidiyus, wanda ya rubuta tarihinsa, ya shaida cewa ziyarar Agustin ta marayu ce da gwauraye cikin wahalarsu, bisa ga Yakubu 1:27, da marasa lafiya in an kira shi. Yakan ƙi karɓar gādon da aka bar wa ikkilisiya in ya ga zai bar 'ya'yan mamacin hannu wofi. Da kuɗi suka ƙare, ya sa aka narkar da wasu kayayyakin sujada masu daraja don a fanshi kamammu, a kuma ciyar da mabukata.

Ƙarshensa

A 429 mayaƙan Bandal suka ƙetaro daga Sifen zuwa Afirka. Da wani bishop ya tambaye shi ko ya halatta makiyaya su gudu, ya amsa cewa muddin akwai garken da yake bukatarsu, su tsaya. Shi ma ya tsaya. A 430 aka kewaye Hippo da yaƙi, a wata na uku kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta masa zaburan tuba aka manna a bango daura da gadonsa. Kwana 10 na ƙarshe ya roƙa a bar shi shi kaɗai, sai in likita ya zo ko an kawo abinci, yana karantawa yana hawaye. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyyar dukiya ba, gama ba shi da abin bari, sai littattafai da ya ce a adana wa ikkilisiya.

Mutumin da ya hana ɗansa kuka a Ostiya shi ne ya sa rigar mamaci don ya sanyaya zuciyar Safida. Tarihinsa yana kiran iyalan masu bi su bar mai makoki ya yi kukansa, su zauna tare da shi, su tuna masa da bege a hankali. Yana kiransu su binne nasu da mutunci daidai ƙarfinsu, ba da bashin da zai hana marayu makaranta ba, su daina tsoron matattu, su kuma koma gidan gwauruwa bayan wata ɗaya, bayan shekara ɗaya, lokacin da sawun masu gaisuwa ya ɗauke. Ubangiji ya ta'azantar da dukan masu makoki, ya ba ikkilisiyarsa zuciyar kula da waɗanda aka bari. Amin.