Gabriel Fauré: makaɗin da kunne ya ƙi shi, bai bar sana'a ba

Duk wanda ya taɓa sayar da hajarsa da araha, daga baya ya ga wani yana cin ribarta, zai gane halin da Gabriel Fauré ya daɗe a ciki.

An haife shi ranar 12 ga watan Mayu na 1845 a garin Pamiers, kudancin Faransa. Shi ne auta cikin 'ya'ya shida na wani malamin makaranta. Yana ɗan shekara 9 aka kai shi Paris, makarantar kiɗa ta Niedermeyer, inda ya yi shekara 11. A can ya haɗu da malaminsa Camille Saint-Saëns, wanda ya zame masa amini.

Da ya gama karatu, abincinsa ya dogara ga kiɗan coci da koyar da ɗalibai gida-gida. Sai lokacin hutu yake samun sararin tsara nasa kiɗan. Mai buga masa waƙoƙi kuwa saye yake yi gaba ɗaya, kimanin faran 60 kowace waƙa, daga nan ko an sayar da dubu, Fauré ba shi da ko dala a ciki.

A shekarar 1880 ya tsara wani kiɗan alhini mai suna Élégie, na mutum biyu kawai: mai piyano da mai biyolonsel. Biyolonsel wani babban goge ne mai tsirkiya huɗu, ana kafa shi ƙasa tsakanin gwiwoyi, muryarsa kamar ta babban mutum.

Girma bai zo masa da wuri ba. Sai a 1896, yana da shekara 51, aka ba shi koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta Paris, a 1905 kuma ya zama shugabanta. Ya shigo da alƙalai daga waje don su riƙa yanke jarrabawar ɗalibai, abin da ya sa wasu tsofaffin malamai suka yi fushi suka ajiye aiki. Cikin ɗalibansa akwai Maurice Ravel da Nadia Boulanger.

Amma tun farkon shekarun 1900 kunnensa ya fara lalacewa. Ba raguwar ji kaɗai ba ce: sautin sama da na ƙasa sukan zo masa a karkace, har kiɗan da ya tsara da hannunsa ya zame masa azaba. Duk da haka, a 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, ya rubuta dogon kiɗa na biyolonsel da piyano. Ya bar shugabanci a 1920, sannan a 1921, yana da shekara 76, ya ƙara na biyu. A 1922 aka yi taron karrama shi a Sorbonne gaban shugaban ƙasa, ya zauna yana kallon makaɗa, da ƙyar yake jin abin da suke kaɗawa.

Ya rasu a Paris ranar 4 ga watan Nuwamba na 1924, yana da shekara 79, gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa. Har yau matasa masu koyon biyolonsel a makarantun Faransa da sauran ƙasashe suna kaɗa Élégie a jarrabawa da gasa.