Marcello Malpighi

Marcello Malpighi (1628–1694) likita ne kuma masanin halittu ɗan ƙasar Italiya. Yana cikin na farko da suka yi amfani da madubin ƙara girma wajen binciken jikin dabbobi da tsirrai. Shi ne ya nuna cewa ƙwaro ke haddasa ƙullutun da ke fitowa a jikin itacen oak.

Farkon rayuwa

An haife shi ranar 10 ga Maris 1628 a Crevalcore, kusa da Bologna. Ya yi karatun likitanci a Jami'ar Bologna, ya kammala a 1653, sannan ya koyar a Pisa da Messina. A 1661 ya gano siraran jijiyoyin jini a huhun kwaɗo.

Binciken ƙullutun oak

Ƙullutun oak wani kumburi ne mai kama da ƙwallo da ke fitowa a ganye ko reshe. An daɗe ana haɗa shi da sinadarin ƙarfe a yi tawada, ana kuma jima da shi. Itacen oak ba ya tsirowa a ƙasar Hausa. A Sakkwato da kewayenta 'ya'yan bagaruwa ne ke yin wannan aiki a hannun majema da masu dafa tawada.

A zamaninsa wasu masana, har da Francesco Redi, sun ɗauka itacen ne da kansa ke haifar da tsutsar da ake samu cikin ƙullutun. Malpighi ya yi ta tsaga ƙullutai yana dubawa, har ya ga wata 'yar ƙaramar rina tana soka ƙwanta cikin tohon itacen. Naman itacen sai ya kumbura ya kewaye ƙwan, ya zama wa tsutsar ɗaki da abinci, in ta girma ta huda ta fita. Ya bayyana wannan a kashi na biyu na littafinsa Anatome Plantarum, wanda aka buga a Landan a 1679. Binciken ya raunana tsohon ra'ayin cewa ƙwari na samuwa ba tare da iyaye ba.

Ƙarshen rayuwa

Ya sha adawa daga likitoci masu riƙo da tsohuwar koyarwa. A 1684 gobara ta cinye gidansa da takardunsa da dama. A 1691 Fafaroma Innocent na 12 ya naɗa shi likitansa, ya koma Rum, inda ya mutu a watan Nuwamba 1694. Har yau wasu sassan ƙoda da na cikin ƙwari suna ɗauke da sunansa.