Mai Muhammadu Ɗan Tanoma, Wanda Ya Zaunar Da Garin Gumel

Duk wanda ya ga Gumel a yau zai zaci tun fil'azal nan ne gidan sarautar ƙasar. Ba haka ba ne. Mangawan da suka kafa wannan sarauta wajen shekarar 1750, a ƙarƙashin Ɗan Juma, sun daɗe suna sauya mazauni. Sa'ad da Muhammadu Ɗan Tanoma ya hau gadon sarauta a 1828, fadar tana Tumbi ne, kimanin kilomita 30 arewa da Gumel, a cikin ƙasar da yanzu take Jamhuriyar Nijar.

Ya gaji ƙasa ƙarama a tsakanin manya. Kano da Haɗeja suna ƙarƙashin tutar Sakkwato, Damagaram kuwa tana ta ƙara ƙarfi daga arewa. Ita Gumel mabiyar Barno ce, shi ya sa ake kiran sarkinta Mai, kuma jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo bai cinye ta ba. Amma zaman bakin iyaka ba shi da daɗi. Tun daga shekarar da ya hau, yaƙi da maƙwabta bai yanke ba, talakawa kuwa su ne kullum ake kwashe wa hatsi da dabbobi, wani lokaci har da 'ya'ya.

Wajen 1845 Ɗan Tanoma ya tashi da fadarsa daga Tumbi, ya sauka inda garin yake a yau. A ganinmu babban aikinsa ke nan, ya ma fi yaƙe-yaƙensa, gama wurin yana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Kukawa, babban birnin Barno na lokacin. Mutane suka yi ta zuwa suna kafa gidaje: Mangawa da Hausawa manoman gero, Fulani da shanunsu, da Barebari masu kanwa.

Kanwar nan ita ta raya garin. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gumel a watan Maris na 1851. Ya tarar da gari cike da jama'a, kasuwa tana ci, ana sauke kanwar Barno da ta Muniyo, ana kuma ɗaure ta zuwa kudu har ƙasar Nupe. Shekara shida kacal ke nan da ƙaurar fada.

A cikin shekarar nan ta 1851 Ɗan Tanoma ya rasu, bayan ya yi shekara 23 yana sarauta. Rikicin gado ya biyo baya, har da Barth ya sake ratsawa a ƙarshen 1854 ya iske garin ya yi kufai, jama'a da yawa sun watse. Duk da haka fada ba ta koma Tumbi ba. Daga Gumel Mai Ahmadu ya karɓi mulkin Turawa a 1903, kuma daga nan ake sarautar ƙasar da ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda suka shiga Jihar Jigawa a 1991.