Pierre Bézier: Injiniyan Da Ya Koya Wa Kwamfuta Lanƙwasa Layi

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa buɗe CorelDRAW don zana tambarin ƙungiya ko katin biki ya ga wani alƙalami a jerin kayan aiki mai suna Bézier. Yawancinmu mun ɗauka kalmar fasaha ce kawai. To, sunan mutum ne, kuma ina ganin mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha mun fi kowa dacewa mu san shi.

An haifi Pierre Bézier a birnin Faris na ƙasar Faransa ran 1 ga Satumba, 1910. Ya gama karatun injiniyan kanikanci a 1930, ya ƙara da na lantarki a 1931. A 1933 ya shiga kamfanin motoci na Renault, inda ya fara daga ƙasa, yana saita kayan aikin injuna. Shekara 42 ya yi a wurin. Shi ne ya tsara jerin injunan da ke miƙa wa juna aiki, waɗanda aka yi amfani da su wajen ƙera sassan ƙaramar motar nan 4CV bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Matsalar da ta dame shi ita ce jikin mota. A lokacin, mai zane zai zana lanƙwasar ƙofa ko murfin inji a takarda, wani ya sassaƙa samfuri da hannu, wani kuma ya kwaikwayi samfurin a ƙarfe. Kowane hannu da ɗan kuskurensa. Injin da ke aiki da umarnin kwamfuta kuwa lamba kaɗai ya sani. Yaya za a mayar da lanƙwasa ta zama lambobi, ta yadda mai zanen da bai yi zurfi a lissafi ba zai iya sarrafa ta?

Amsarsa mai sauƙi ce. Ka sa ɗigo huɗu. Layin zai tashi daga na farko ya ƙare a na huɗu, biyun tsakiya kuma su riƙa jan sa wajensu ba tare da ya bi ta kansu ba. Ka matsar da ɗaya, lanƙwasar ta canza nan take. 'Yan hannayen nan da kake ja da linzamin kwamfuta, su ke nan.

Nan ne kuma motsi ya shigo. Akwai wata lamba, t, da ke tafiya daga 0 zuwa 1, kowace ƙimarta na ba da wuri ɗaya a kan layin. Ɗauki ɗigo (0,0), (0,80), (80,80) da (80,0). Idan t ta kai rabi, sai a haɗa na farko da na ƙarshe da ninki uku na kowane na tsakiya, a raba da 8, a sami (40,60). Kana son da'ira ta bi wannan hanya cikin daƙiƙa 2 a allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa? Hoto 120 ke nan. A kowanne ka ƙara wa t kashi ɗaya cikin 120, ka goge da'irar, ka sake zana ta a sabon wuri. Shi ke nan fa, ido zai ga tana tafiya. Irin wannan layi ne ma ake amfani da shi wajen sa abu ya tashi a hankali, ya yi sauri, sannan ya tsaya cikin natsuwa.

Bézier ya gina tsarin zane da ƙira mai suna UNISURF a kan wannan tunani, ya kuma wallafa aikinsa a shekarun 1960. Amma akwai wani masanin lissafi a kamfanin Citroën, Paul de Casteljau, da ya gano irin waɗannan layuka tun 1959. Kamfaninsa ya riƙe aikin a matsayin sirri shekaru da dama, sai duniya ta kira layukan da sunan wanda ta karanta aikinsa. Wannan ya kamata ya taɓa mu, mu da ayyukanmu na shekarar ƙarshe ke ƙarewa a kan kanta suna shan ƙura.

Ya yi ritaya daga Renault a 1975. Sai a 1977 ya karɓi digirin digirgir a lissafi. Wato aikin ya riga takardar da nisa. Ya koyar a babbar cibiyar koyon sana'o'i da fasaha ta Faris daga 1968 zuwa 1979, a 1985 kuma ƙungiyar masana zanen kwamfuta ta SIGGRAPH ta karrama shi. Ya rasu ran 25 ga Nuwamba, 1999.

Ni dai ina ganin duk mai raina karatun bita da guduma bai san tarihin wannan mutum ba. Hatta haruffan da aka buga mujallar nan da su, da layukansa aka zana gefensu.