Tarihin Hajiya Gambo Sawaba, matar da ta bi gida-gida ta tara wa NEPU mata

An haifi Hajiya Gambo Sawaba a shekarar 1933, sunanta na yanka Hajaratu. An kira ta Gambo ne saboda bayan tagwaye aka haife ta. Mahaifinta Isa Amartey mutumin Gana ne da ya zo Najeriya ya yi aiki da hukumar jirgin ƙasa, mahaifiyarta Fatima kuma Banufiya ce daga Lavun, a jihar Neja ta yanzu. A Zariya ta tashi, ta fara firamare a Tudun Wada, amma rasuwar iyayenta ta katse mata karatu, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13.

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, domin ƙwato wa talaka haƙƙinsa daga hannun En'e da Turawan mulkin mallaka. A lokacin ko namiji sai ya waiga kafin ya ce shi ɗan NEPU ne, don ana iya kama shi ko a kore shi daga aiki. Gambo ta shiga tana da shekara 17, ba a daɗe ba aka zaɓe ta shugabar mata a Sabon Garin Zariya. Daga taken jam'iyyar ta samu laƙabin Sawaba.

To, a nan ne aikinta ya bambanta da na maza. Maza suna hawa dandali su yi lacca, amma matan da ke kulle ba sa zuwa lacca. Sai ita ta riƙa bin su har cikin gida, ta zauna da su a tsakar gida, ta yi musu bayani a kan auren wuri, da aikin tilas, da haraji, da amfanin sa 'ya mace a makaranta. Wadda ta gamsu ta karɓi katin jam'iyya, gobe ta kawo maƙwabciyarta. Ba kuɗi take rabawa ba, amana ce ta tara mata jama'a.

Mu mazauna kudu akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a tarihinta. Gambo ta yi tattaki har Abekuta wajen Madam Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ƙungiyarta ta mata 'yan kasuwa ta yi zanga-zangar haraji har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta a 1949. Ta ga yadda ake haɗa kan mata, ta koma Arewa da wannan darasi.

Ta ɗanɗana kuɗarta kuwa. A Kano an kama ta saboda tara mata, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga garin. Masu rubuta tarihinta sun ƙirga ɗauri sau 16, ban da duka da aske mata kai. Duk wannan wahala ta sha ta ne alhali ita kanta ba ta da ƙuri'a: a zaɓen 1959 matan kudu sun yi zaɓe, na Arewa ba su yi ba, sai a 1976 aka ba su wannan dama. A jamhuriya ta biyu ta shiga GNPP ta Waziri Ibrahim, ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyya ta ƙasa. Gidanta a Zariya bai rabu da marayu da marasa galihu ba, har ta rasu a watan Oktoba 2001. Yau akwai babban asibiti a Zariya mai ɗauke da sunanta.

Jama'a, mu dubi ƙungiyoyinmu na Sabo a Ibadan, Agege, Idi-Araba da Mile 12. Galibi sai wuta ta tashi, ko an rushe rumfuna, ko an kama 'yan uwa, sannan a fara neman juna. Taro kuma na maza ne zalla, iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida ba wanda ya tuna da su. Gambo ta nuna cewa tun kafin matsala ta zo ake tara magoya baya, ɗaya bayan ɗaya, a san sunan kowa da damuwarsa.

Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa ta huta.