Aldo Leopold: Malamin Daji Da Ya Koya Wa Amurka Maido Da Ciyawarta Ta Asali

An haifi Aldo Leopold ranar 11 ga Janairu, 1887, a garin Burlington na jihar Iowa da ke bakin kogin Mississippi a Amurka. Ya tashi yana bin mahaifinsa farauta, ya shaƙu da tsuntsaye da tsirrai tun yana ƙarami. A 1909 ya kammala karatun kula da gandun daji a Jami'ar Yale, ya kama aiki da hukumar gandun daji ta ƙasa, aka tura shi dajin Apache a yankin Arizona.

Farkon aikin bai zo masa da sauƙi ba. Yana ɗan shekara 22 aka ɗora masa shugabancin ayarin masu auna daji da ƙidayar itatuwa, ya yi kurakurai a lissafi, har hukuma ta binciki aikin. Bai karaya ba, kuma a 1912 ya zama shugaban dajin Carson a Niyu Meziko. A shekarar ce ya auri Estella Bergere. Shekara guda bayan haka ciwon ƙoda ya kusa hallaka shi, ya raba shi da aiki fiye da shekara.

A wancan zamani ra'ayinsa bai bambanta da na sauran ma'aikata ba. Yana ganin kashe kyarkeci alheri ne, domin barewa za ta yawaita, mafarauta su amfana. Yana kuma ɗaukar wutar daji a matsayin abokiyar gaba. Shekarun da ya yi yana yawo a kan doki ne suka fara warware masa wannan fahimta. Ya ga yadda kiwon da ya wuce kima ya cinye ciyawa, ruwan sama ya kwashe ƙasa, kwazazzabai suka tsaga kwaruruka. A wata maƙala ta 1924 ya nuna cewa raguwar ciyawa ce ta hana wuta ci, rashin wutar kuma ya bai wa sarƙaƙiya damar mamaye wurin. Daga baya ya gane cewa inda aka ƙarar da kyarkeci, barewa kan yi yawa har ta cinye tsiron da take rayuwa a kansa. A 1924 ɗin ne kuma aka keɓe dajin Gila bisa shawararsa, domin a bar shi yadda Allah Ya halicce shi.

A shekarar ya koma garin Madison na jihar Wiskonsin, inda a 1933 ya zama farfesan kula da namun daji. A da kudancin jihar makeken sarari ne na doguwar ciyawa da furanni, amma garmar manoma ta bar ƙasa da kashi 1 cikin 100 nasa. Abin da ya tsira ya maƙale ne a gefen layin dogo da tsofaffin maƙabartu. Lokacin kuma fari da guguwar ƙura na kwashe gonakin tsakiyar Amurka.

A bikin buɗe lambun bincike na jami'ar a watan Yunin 1934, Leopold ya bayyana cewa manufarsu ita ce su sake gina samfurin ƙasar Wiskonsin kamar yadda take kafin zuwan garma. Aka zaɓi wata tsohuwar makiyayar dawaki. Masanin tsirrai Theodore Sperry ya jagoranci matasan da gwamnati ta ɗauka aiki saboda karayar tattalin arziki, suka riƙa tattaro iri da ciro tsirrai da ƙasarsu suna dasawa. Baƙin ciyayi suka yi ta danne dashen. Gwaje-gwajen shekarun 1940 ne suka nuna maganin: ƙona filin a lokacin da ya dace. Ciyawar asali saiwarta na da zurfi, takan tofo bayan wuta, baƙuwar kuwa ta raunana. Filin, wanda aka sa wa sunan masani John Curtis, ana ɗaukarsa mafi daɗewa cikin irinsa da aka farfaɗo a duniya.

Leopold bai tsaya ga aikin jami'a ba. A 1935 ya sayi wata gajiyayyar gona mai rairayi a bakin kogin Wiskonsin, ya mai da akurkin kajin da ke cikinta masauki. Shi da matarsa da 'ya'yansu biyar suka dasa dubban itatuwa da ciyayin asali. Fari ya kashe da yawa, suka sake dasawa. Dukkan 'ya'yan sun zama masana kimiyya.

Ranar 21 ga Afrilu, 1948, wuta ta ƙwace a gonar maƙwabcinsa. Ya fita taya kashe ta, zuciyarsa ta buga, ya rasu yana da shekara 61. Mako guda kafin nan aka sanar da shi cewa an karɓi littafinsa, wanda ya fito a 1949 da sunan A Sand County Almanac. A cikinsa ya kafa hujjar cewa ƙasa da ruwa da tsirrai da dabbobi al'umma guda ce, ɗan Adam kuwa ɗaya ne daga cikinta, kuma haƙƙinta na wuyansa.