Mahamma Bakwakwa, Ɗan Djougou

An haifi Mahamma Gardo Bakwakwa a garin Djougou wajen shekarar 1824. Babansa ɗan kasuwa ne, mahaifiyarsa kuwa asalinta Bakatsiniya ce. A zamanin nan fatake sukan taso daga Kano, su bi ta Nikki da Parakou da Djougou, su nufi Gwanja sayen goro. Mahamma ya yi makarantar allo, ya kuma koyi ƙira wurin kawunsa.

Da ya zama saurayi, wasu mutane suka yaudare shi, suka ɗaure shi, suka sayar. Daga wannan hannu zuwa wancan, har aka kai shi bakin teku kusa da Ouidah. A shekarar 1845 aka sa shi cikin jirgin bayi zuwa Burazil. Cikin jirgin ga duhu, ga ƙishirwa, ga wari.

A Burazil wani mai gasa burodi ya saye shi. Ya sa shi ɗaukar duwatsu da tallar burodi. In bai sayar ba, sai bulala. Wahala ta yi wahala, har wata rana Mahamma ya fid da rai, ya faɗa kogi. Allah ya sa da sauran kwana, wasu mutane cikin kwalekwale suka tsamo shi.

Daga baya aka sayar da shi ga wani mai jirgin ruwa. A 1847 jirgin ya ɗauki kofi zuwa birnin New York na Amurka, inda aka hana bauta. Kalmar Ingilishi da Mahamma ya fara koyo ita ce ta ƴanci. Ya gudu, aka kama shi, aka kulle a kurkuku. Amma wannan karon bai fid da rai ba. Masu ƙin bauta suka taimake shi ya kuɓuta, ya tafi Haiti, ƙasar baƙar fata masu ƴanci. Can ya zauna wurin ƴan mishan shekara biyu.

Sannan ya koma Amurka, ya shiga makaranta da girmansa. A 1854 aka buga littafin tarihinsa a birnin Detroit. A ciki ya ba da labarin Djougou, da mahaifiyarsa, da muguntar bauta. A 1855 ya haye zuwa Ingila, yana neman hanyar komawa gida.

Yaron da ya ɗauki duwatsu a Burazil, shi ne ya kai sunan Djougou cikin littattafan duniya. Gaskiyar Hausawa, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Tambayoyi

1. Daga wane gari mahaifiyar Mahamma ta fito?
2. Me ya sa ya faɗa kogi, wa ya tsamo shi?
3. Wace kalma ya fara koyo da Ingilishi?
4. Nuna Djougou da Burazil da Haiti a taswira.